Famfon Mato

Shekara talatin da huɗu ina gyaran famfo a Damagaram,
daga Birni zuwa Zango babu lungun da ban durƙusa ba.
Na san famfon da ke tari kafin ya kawo ruwa,
na san wanda ke ɗiga duk dare, ɗis, ɗis,
har mai gida ya aiko yaro da sassafe:
a ce wa Mato ya zo da sifana.

Yau ni ne famfon.
Sau biyar nake tashi tsakanin lisha da asuba,
in tsuguna a bayi, buta a gefe, ina jira
kamar matan Garin Malam a layin ruwa da bazara,
jarka ashirin, ruwa kuwa kamar zare.
In koma shimfiɗa, kafin ido ya rufe
mara ta ce ba ta gama ba.

Hannun da ke murɗe ƙarfe mai tsatsa
yanzu murfin kwalba yana yi masa gardama.
Gyangyaɗi da hantsi, fushi ba dalili.
Habsu ta daina turara ɗaki daren Juma'a,
ba ta ce kome ba, ni ma ban ce ba.
Shirun nan ya fi duwatsun Birni nauyi.

A Kasuwar Dole akwai mai lasifika
yana rantsuwa tsoho zai koma angon jiya.
Na waiga hagu da dama, na miƙa jika biyu,
garin magani ja a ƙullin leda.
Kwana uku ina sha da kunu.
Na huɗu fitsari ya tsaya cak,
a bayan kabu-kabu aka kai ni asibiti ina salati.
Mai sa wa gari bututu, ga shi an sa masa.

Likitan, Mutari ne, ɗan Gambo mai dawaki.
Yana rarrafe na ja musu ruwa gida.
Ya juya takardar magani ya yi zane:
ga tanki, ga bututu, ga wani abu kamar goro
ya kumbura ya shaƙe hanya.
Sau biyu suka ɗibi jinina da safe,
ya ce sinadarin mazantaka ya yi ƙasa.
Na ce to a ƙara mana, ai tulu ne, a cika shi.

Ya yi murmushi ya aje biro.
"Baba Mato, wa ya taɓa ce wa babana
ba a ƙara wa ruwa ƙarfi alhali bututu na toshe?
Mu fara buɗe hanya, ƙwaya ɗaya kowane dare.
Mu duba ko wani mugun abu na ɓoye cikin goron.
In babu, sai mu ƙara kaɗan-kaɗan, da awo,
kana zuwa muna gwadawa, kada jini ya yi kauri.
Kuma ba na yi maka alkawarin shekara talatin."
Maganata ce ya mayar mini, ko canji babu.

Na shimfiɗa zanen a cinyar Habsu.
Ta daɗe tana kallon goron nan.
Ta ce, "Ni da na ɗauka ni ce na tsufa."
Na ce mun tsufa dai, kowa da nasa tsatsa.

Wata biyu ke nan. Jiya sau biyu na tashi.
A na biyun ina dawowa na ji famfon tsakar gida
yana tari, yana tofi, sai ga ruwa,
bayan kwana shida ba ko ɗigo.
Na tashe ta. Ta ɗaura zane, na jawo jarkoki,
ita tana tarawa, ni ina ɗauka rabi-rabi,
har ladan ya kira salla muna dariya ƙasa-ƙasa
kada jikoki su farka.